Ababen hawa masu lantarki: Ko za su isa karkarar Kano?

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 1,000 a ƙarshen 2024.

A garuruwa irin su Kademi da ke ƙaramar hukumar Gaya, da ƙauyukan Ajingi, babur ne ke kai mara lafiya asibiti, shi ne kuma ke kai amfanin gona kasuwa. Saboda haka duk ƙarin da aka yi wa mai, kai tsaye yake faɗawa kan manomi da ɗan acaɓa.

Wannan ne ya sake tayar da batun ababen hawa masu aiki da lantarki.

Maganar ba sabuwa ba ce a Najeriya. A 2020 aka ƙaddamar da motar Hyundai Kona mai lantarki da aka harhaɗa a Legas. A 2021 kuma hukumar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri ma, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin bas masu shan mai zuwa masu lantarki.

To sai dai duk waɗannan a birane suka tsaya, kuma babban dalili shi ne wuta.

Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ba kasafai take rarraba abin da ya wuce megawat 5,000 ba. A watan Oktoban 2024, yawancin jihohin arewa sun shafe kwanaki cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna. Wanda ke biyan kuɗi a yi masa cajin waya a shago, da wuya ya sayi abin hawan da sai an yi masa caji kullum.

Habasha, wadda ta hana shigo da motocin fetur da dizal a 2024, ta dogara ne da wutar madatsun ruwanta. Arewacin Najeriya ba shi da irin wannan gata.

Misalin da ya fi kusa da halin da Kademi ke ciki shi ne na Ruwanda. A can 'yan acaɓa ba sa jiran caji: sukan ajiye batirin da ya ƙare a tasha, su ɗauki cikakke cikin 'yan mintoci, su biya kuɗin wutar kawai. Batiri, wanda shi ne mafi tsada a jikin babur ɗin, na kamfani ne.

Irin wannan tasha za ta iya aiki da farantan hasken rana a kan hanyar Wudil zuwa Gaya, ba tare da jiran kamfanin KEDCO ba. Amma tana buƙatar jari, da bashi mai sauƙi wanda ɗan acaɓa zai riƙa biya kaɗan-kaɗan, da makanikan da suka iya gyara, da batirin da zai jure zafin bazara da ƙurar hunturu.

Muddin gwamnatin Kano da masu zuba jari ba su samar da waɗannan ba, rahusar da lantarki ke kawowa za ta tsaya ga mazauna birni, mutanen karkara kuwa su ci gaba da sayen mai a hannun 'yan bumburutu.