Mu Shiga Cikin Birni Mu Ci Gurasa

Duk shekara idan aka ce za a kai ɗalibai Kano yawon buɗe ido, kowa ya san inda mota za ta tsaya. Gidan Zoo, sai filin jirgin sama, sai a biya Sabon Gari a sayi burodi da lemon kwalba a juyo gida. Mu dai a ganinmu ba a ga Kano ba. Kano tana cikin ganuwa.

Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, wanda ya hau mulki a 1463. Lungunanta matsattsu ne, da ƙyar mutum biyu ke wuce juna. Ga dukawa da jakunkunan fata, ga masu sirdi da linzami, ga masu kanwa da kanumfari da turaren wuta. Ɗalibin da ya haddace fataucin hamada don jarrabawa, a nan zai shaƙi ƙamshinsa.

Sai kuma maganar ciki, wadda ba ma jin kunyar yin ta. A Jakara mata ke gasa gurasa a tanderu, sana'ar da ta yi ƙarfi har akwai unguwa mai suna Ceɗiyar 'Yan Gurasa. A yayyafa mata ruwa, a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, a zuba man gyaɗa da albasa, ta zama bandashe. A kora da lamurje ko kunun tsamiya. Wane burodi ne zai ja da wannan? Mutanen Bebeji kuma su duba alkaki da kyau, ba mamaki ruwan Tiga ne ya shayar da alkamarsa a Kadawa.

Mun san abin da iyayenmu na Kiru da Tudun Wada da Doguwa za su ce: cunkoso, 'yan sane, ga shi mu baƙi ne a wurin. Gaskiya ne. Amma wanda bai taɓa zama a bencin mai shago ya yi tayi ba, tsoronsa ba zai ragu ba, kuma ɗansa zai gada. A kasa mu goma-goma, kowane kashi da malami, a yi shigar mutunci, a kauce wa ranar Juma'a saboda cikowa, a ci abin da yake da zafi.

Muna roƙon hukumar makaranta ta sa Kurmi a tafiyar baɗi. In lokaci ya rage a tsaya marinar Ƙofar Mata, don da yawa daga cikin ramukanta sun riga sun bushe.