Gonakin bakin birni: hurumin al'umma da haƙƙin mai gona

A Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu da Gezawa, gonakin da suka daɗe suna ciyar da birnin Kano suna komawa fulotai ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu awon igiya ne: dillali ya saya, ya yanka, ya sayar, kafin hukuma ta farga an kafa tubali. Wannan yana faruwa ne a ƙasar da Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci a watan Yulin 2023, kuma hauhawar farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Muna kuka da tsadar hatsi, muna kuma zuba siminti a kan ƙasar da take fitar da shi.

Jama'a na ƙaruwa, muhalli kuwa larura ne, babu mai cewa birni ya daina faɗaɗa. Abin tambaya shi ne wace ƙasa zai ci. Manomi ya san bambancin fadama da jigawa da fako, amma takardar mallaka ba ta san shi ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba ƙasa gida biyu ne, ta birni a hannun gwamna, ta karkara a ƙarƙashin ƙaramar hukuma, kuma gwamna ne ke ayyana inda birni ya kai. Ba ta jera gonaki bisa albarkarsu ba. Wasu ƙasashe sun yi wannan aikin. Ingila ta kasa ƙasar nomanta mataki biyar, masu tsara gari suna duba matakin kafin su yarda a yi gini. Masar ta yi doka a 1983 da ta hana gini a kan ƙasar noma da kwashe ƙasar gona don buga bulo.

Mu Musulmi muna da tushen wannan a fiƙihunmu. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar (RA) ya keɓe Rabaza. Wannan shi ne hima, abin da Bahaushe ke kira hurumi. Umar ya umarci mai tsaron wurin da ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya kuma kiyayi garken Abdurrahman bin Auf da na Usman bin Affan, domin su suna da gonaki da dabino da za su koma wa. Shi ne kuma ya ƙi raba ƙasar noman Iraƙi ga mayaƙan da suka ci ta, saboda Musulmin da za su zo daga baya. A nan gida, Shehu Abdullahi bin Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi kan hanyoyin da ake keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. Ganuwar Kano ma ta kewaye gonaki tare da gidaje, domin magabata sun san garin da aka yi wa ƙawanya yana bukatar abinci a cikinsa.

Sai dai akwai iyaka da malamai suka shata. Hima tana hawa ne kan ƙasar da ba mallakin kowa ba. Gonar bakin birni kuwa tana da mai ita, sau da yawa magada ne, cikinsu har da marayu da zawarawa waɗanda ba su da wata kadara. Idan hukuma ta ce wannan gona ba za a gina ta ba, farashinta zai faɗi, alhali ta maƙwabci da ba a keɓe ba ta ninka. Shugaba yana da ikon taƙaita halal saboda maslahar jama'a, amma ba shi da ikon ɗora wa talaka shi kaɗai kuɗin wannan maslahar. Dokar 1978 kanta, idan an karɓe ƙasa, diyyar gini da amfanin gona take biya, ba darajar ƙasar ba, kuma wannan na cikin abin da ke sa manomi gaggawar sayarwa kafin gwamnati ta iso.

Saboda haka muna ganin rarraba ƙasar noma zai zama adalci ne da sharuɗɗa uku. Na farko, a yi shi a fili: masana ƙasa su auna, dagatai da manoma su tabbatar, a manna taswirar a sakatariyar ƙaramar hukuma kowa ya gani. A fara da fadamu da filayen noman rani irin na Kura da Bunkure da Garun Malam da ke shan ruwan dam ɗin Tiga, tare da burtalai, domin gini a fadama hasarar abinci ce kuma gayyatar ambaliya. Na biyu, wanda aka keɓe gonarsa ya ga amfanin hakan: takardar da za ta hana a ƙwace masa, ruwa, hanya da rangwamen haraji. Na uku, ƙa'idar ta hau kan kowa. In aka hana manomi yanka fuloti, gobe aka ba wani babba wurin ya gina rukunin gidaje, an juya umarnin Umar ne a baibai. Dole kuma hukumar KNUPDA ta buɗe shimfiɗaɗɗun filaye masu araha a kan fako da tudun da ba ya noma, in ba haka ba awon igiya ba zai tsaya ba.

Gidajenmu ma suna da rabonsu. Rabon gado wajibi ne, amma bai wajabta yanka gona gunduwa-gunduwa ba. Magada na iya barin ta a haɗe su raba amfani, ko ɗaya ya sayi rabon sauran, kuma haƙƙin shuf'a ya fifita abokin tarayya a kan bare matuƙar ba a raba ba. Mawadata na iya sayen gona su yi waƙafinta ga makaranta ko marayu, ta dawwama ana noma ta. Ɗalibanmu da ke karanta babin raya matacciyar ƙasa su sani cewa mas'alar tana bakin ƙofarsu, kuma limamai su kawo ta kan mumbari kafin dillali ya riga su. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe wannan amana, Ya sa albarka a ƙasarmu.