Wa zai rubuta babin watan Oktoba?

Duk shekara, da zarar an rufe makarantu don babban hutu, ƴan matanmu na Arlit da Akokan sukan shiga wata makarantar da ba mu ne malamanta ba. A da, littattafan soyayya na Kano ne ke isowa cikin kayan fatake, na Harlequin da Adoras kuma a ɓoye su cikin littafin nahawun Faransanci. Yau duk sun koma cikin waya, a WhatsApp da Wattpad. Wani labari kuwa ya yi tashe: ɗaliba ƴar shekara 17 ta tafi hutu gidan ƴar'uwarta a Abuja ko Dubai, ta gamu da wani mai shekara 40, miskili, mai dukiya, kafin hutu ya ƙare ta mallake zuciyarsa.

Abokan aikina sun kasu biyu. Wasu na cewa a ƙwace wayoyin, kamar yadda aka ƙona littattafai a Kano a 2007. Wasu na cewa nishaɗi ne kawai, a ƙyale yara. Ni dai ban bi ko ɗaya ba, domin duka biyun sun guje wa tambayar: me yarinya take nema cikin wannan labari?

Ruwa ba ya tsami banza. Yuraniyom ne ya kafa garin nan. An buɗe SOMAÏR a 1968, COMINAK a 1974, kuma tun lokacin gari ya rabu: unguwannin ma'aikata masu famfo da lantarki a gefe guda, gidajen laka da langalanga a ɗaya gefen. Yarinyar da ta tashi a nan ta gane da wuri cewa hanya mafi kusa zuwa wancan gefen ita ce auren mai albashin kamfani, shi kuwa da wuya ya zama sa'anta. Da COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila, sai samari suka ƙara nisa da iya aure. Furfurar da ke cikin littafi, a idon mai karatu, gida ce mai sanyi da tukunyar da ba ta kwana a kife. Wanda ya kira wannan lalacewar tarbiyya bai dubi garinsa ba.

Amma mai cewa nishaɗi ne shi ma bai faɗi gaskiya ba. Me ya sa sai a lokacin hutu? Domin hutu ba shi da ƙararrawa, ba uba, ba jarrabawa, ba uwargida mai ƴaƴa shida. Marubuci yakan ajiye alƙalami ranar ɗaurin aure, mu kuma mu buɗe rajista a watan Oktoba. Na taɓa kiran sunan wata ɗaliba da ta fi kowa iya rubutu a ajin BEPC, sai ƙawayenta suka sunkuyar da kai: an kai ta ɗaki cikin hutu. A ƙasar da alƙaluman UNICEF suka nuna kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, irin wannan labari yana shafa wa abin da ke faruwa a gidajenmu zuma. Gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ƴaƴa mata a Disamba 2017, sai dai doka ba ta shiga mafarkin yarinya.

Kada a ce ina ƙin auren babba da ƙarama. Mace baliga da ta zaɓi wanda ya girme ta, tana sane, ba ruwan malami. Ƙorafina a kan labarin da ke ɓoye wanda ke riƙe da kuɗi da iko, ya kira biyayya soyayya.

Adabi ya san yadda ake faɗar sauran. Balaraba Ramat Yakubu, a Wa Zai Auri Jahila? na 1990, ta bi Abu bayan an cire ta daga makaranta an ba tsoho, har ta gudu ta nemi ilimi. Françoise Sagan, a Bonjour tristesse na 1954, ta rufe hutun bakin teku da mutuwa. A 2020 Vanessa Springora ta bayyana cikin Le Consentement abin da wani marubuci mai kusan shekara 50 ya yi mata tana ƴar 14, alhali manyan adabin Faransa suna yi masa tafi.

Don haka, ya ku malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, ga shawarata. Mu bar kowace ɗaliba ta kawo labarin da ta karanta a hutu, mu karanta shi tare, a ajin Hausa da na Faransanci, ba da izgili ba. Sannan mu ba da aikin gida: a rubuta babin da ke biye. Shekara 5 bayan biki, ina jarumar take? Ta ƙare karatu? In kamfanin mijin ya rufe, me ke hannunta? Ƙungiyoyinmu su sa gasa a kan wannan babi, a karanta waɗanda suka yi fice a gidan rediyo. Yarinyar da ta rubuta shi da hannunta za ta yi wa mai neman aurenta tambayoyin da mu ba mu da ikon yi masa.