A kai yara Pikworo tare da kakanninsu

Baƙo in ya sauka Paga a arewacin Ghana, kadojin tafki ake fara nuna masa. Amma a Nania, dab da garin, akwai sansanin bayi na Pikworo, inda har yau ake ganin ramukan da aka fafe a jikin dutse, akusan da bayi suka ci abinci kafin a kora su kasuwar Salaga.

Mu a ganinmu, bai dace wurin ya zama na 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba. Dattawan zango suna riƙe da labarin fataucin goro da na Babatu mai kamen bayi, wanda kabarinsa ke Yendi, kuma rubutun jikin allon sansanin ba ya amsa tambayar yaro.

Sarakunan zango da malamai, ku haɗa ɗalibai da kakanninsu a mota ɗaya tun dattawan suna raye.