Daga Bagauda zuwa Karfi: Koyarwa ko Karɓar Kuɗin Rajista?

A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin tarayya, tare da hukumar UNDP da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta kafa cibiyar NIHOTOUR domin horar da ma'aikatan otal da na yawon buɗe ido. A Bagauda, kudu da Kano, aka fara darasi. Manufar ba ta da sarƙaƙiya: a samu kuku da ya san tsafta, da mai tarbar baƙi da ya san ladabi, da manaja da ya iya lissafi.

Yau cibiyar ta sauya kama. Dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, ta ba ta ikon yi wa masu sana'ar rajista da ba su takardar shaida. Malami ya zama alƙali kuma mai karɓar kuɗi. Ana cikin haka, ma'aikatar yawon buɗe ido da aka ƙirƙira a 2023 ta narke cikin ta al'adu a watan Oktoban 2024, ƙarƙashin Hannatu Musawa, 'yar Jihar Katsina. Masu otal sun yi ta ƙorafi kan rajistar, kuma suna da abin kafa hujja: tun 2013 Kotun Ƙoli, a shari'ar gwamnatin tarayya da Jihar Legas, ta yanke cewa kula da otal-otal da gidajen abinci hurumin jihohi ne. Masu goyon bayan dokar sukan amsa cewa ma'aikaci ake yi wa rajista, ba ginin ba. Wannan gardama ce ta lauyoyi, kuma abin ban sha'awa, a Bagauda ɗin ne reshen Kano na makarantar horar da lauyoyi yake.

Tambayar da ta fi dacewa da mai tsara makomar cibiyar ita ce: wane ne mai saukar baƙi a ƙasar nan? A Karfi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi, amsar ba ta kama da ta Abuja. Da kaka ta yi, 'yan kasuwa kan cika yankin Funtuwa da Bakori da Dandume don sayen masara, dawa, waken soya da auduga. Direbobin manyan motoci kan kwana biyu ko uku suna jiran lodi. Duk sai sun ci, sun kwanta, sun sami wurin ajiyar kuɗi da kaya. Masu yi musu wannan hidima su ne mai shayi, da mai tuwo a bakin tasha, da mai gida da ke ba da ɗaki ya kuma haɗa baƙo da dillali. Tashar sauke kaya ta kan tudu da aka buɗe a Funtuwa a 2024, idan ta kankama, ƙara yawan irin waɗannan baƙin za ta yi.

Sana'ar kuwa tsohuwa ce. Fatoma a ƙasar Hausa ya daɗe yana sauke fatake, yana tsaya musu a ciniki, yana lamunce bashi da sunansa. Abner Cohen ya nazarci irin wannan tsari a Sabon Ibadan, a littafinsa na 1969, inda masu gida ke riƙe da cinikin shanu da goro. Amana ce jarinsu, kuma babu kwalejin da ta koya musu ita. Abin da magadansu suka rasa a yau ƙanana ne amma masu tsada: adana abinci cikin zafi, tsaftar ruwa, rubuta sunan baƙo a wannan zamani na rashin tsaro, da riƙe littafin shiga da fita.

Saboda haka duk wani garambawul da ya fara da kuɗin rajista ya fara ne daga wutsiya. Matar da ke ciyar da direbobi a Malumfashi ba za ta je neman takarda a birni ba, kuma ba ta da dalilin zuwa. Kamata ya yi a raba aikin biyu: rajista da ladabtarwa su koma hannun majalisar da masu sana'ar ke da kujeru a cikinta, tare da jihohi, cibiyar ta tsaya kan koyarwa. Hukumar NBTE da ke Kaduna tana da tsarin da ke amincewa da ƙwarewar da mutum ya samu a bakin aiki, ba sai ya zauna aji ba. Da shi za a iya tantance kukun da ya shekara ashirin a murhu, a ba shi shaidar da za ta buɗe masa ƙofar aiki a Kano ko Abuja.

Sauran batu ne na lokaci da harshe. A yi darasin da Hausa, na 'yan makonni, a harabar ƙaramar hukuma, cikin rani bayan an gama kai amfanin gona kasuwa, lokacin da mai tuwo za ta iya barin tukunya na sa'o'i biyu.