Gyaran Daɓen Ɗaki Ba Sai Da Tayil Ba

A gidajenmu na Zango mun saba shimfiɗa leda a kan daɓen siminti. Damina na zuwa sai laima ta taru a ƙarƙashinta, ɗaki ya yi wari, leda ta yage, a sake sayen wata. Fenti ma ɓarewa yake yi idan laima na tasowa daga ƙasa. Tayil kuwa ba kowa ke da ƙarfinsa ba.

Iyayenmu mata da madaɓi da ruwan makuba suke daɓe, ya yi ƙarfi, ya yi ja. Mu ma muna da hanya. A kwaɓa siminti awo 1 da yashi awo 3 a shimfiɗa. Tun yana ɗanye, magini ya barbaɗa jar hoda da aka gauraya da siminti, ya goge da cokalin gini har ya yi sumul. Kada hodar ta wuce kilo 5 a buhu mai kilo 50, don in ta yi yawa tana rage ƙarfin siminti.

Inda muke asara shi ne gaggawa, musamman gab da Sallah. Siminti na son a riƙa jiƙa shi kwana 7, balle lokacin hunturu, in ba haka ba ya tsattsage. Sai ya yi kwana 28 sannan a shafa man goge daɓe.

Gargaɗi ɗaya: kada a goge daɓen banɗaki da wurin alwala. Santsi kan kayar da tsofaffinmu, kuɗin asibiti kuwa ya fi na tayil. 'Yan haya kuma a nemi yardar mai gida tukuna.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.