Karen Gadi Ba Kwaɗon Ƙofa Ba Ne

A Zangon Kwatano muna da wata ɗabi'a da nake ƙi. Mutum zai kawo kare don gadin sito ko garejin motoci, ya ɗaure shi da sarƙa kamu biyu tun asuba har isha'i, ya watsa masa ƙanzo sau ɗaya. In karen ya cinye tabarma, ya kwana yana haushi, ko ya tsinke ya ciji yaron maƙwabci, sai a ce mugun kare ne. Ni kuwa na ce zaman banza ne ya haukata shi, kuma mai sarƙar ne ya jawo.

Kare dabba ce ta farauta. Hancinsa da haƙoransa aikin neman abinci suka sani. Wanda ya lashe kwanonsa cikin minti biyu, me zai yi da sauran yinin?

Wani Ba'amurke mai gyaran mota, Joe Markham, ya yi fama da karensa Fritz mai tauna duwatsu. Wata rana ya jefa masa wata roba da ya ciro daga motar Volkswagen, karen ya rungume ta. Daga nan aka samu Kong, wadda ta shiga kasuwa a 1976: roba ce mai kauri da rami a ciki. A cusa abinci a ramin, kare ya yi ta lasa, yana tauna, yana juya ta har ya fito da rabonsa. Ya ci, ya yi aiki, ya gaji, ya kwanta.

Na san abin da za a ce mini: almajirai na yawo da yunwa, kai kana zancen abin wasan kare. To, wa ya ce a ƙara masa ko loma ɗaya? Tuwon da kake zuba masa a ƙasa shi za ka cusa a robar. In ba ka da kuɗinta, mahauta na da ƙaton ƙashin sa mai ɓargo. Ka ba shi ɗanye, domin dafaffe yana tsagewa ya huda hanji, ka kuma ɗauke in ya fara farfashewa.

Wasu kuma za su ce kare najasa ne. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya ya kamata mu fi kowa sanin cewa a wurin Imam Malik rayayyen kare mai tsarki ne. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risalar da muka karanta a zaure, ya ajiye kare don gadin gidansa. Bukhari ya kawo labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle.

Ban ce ka kwana da kare a ɗaki ba. Amma in ka ɗaure shi yana tsare maka dukiya, haƙƙinsa ya hau wuyanka. Ka ba shi inuwa, da ruwa, da allurar rigakafin haukan kare, da abin da zai tauna. In ba za ka iya ba, ka sayi kwaɗo. Shi ba ya jin ƙishirwa, ba kuma za a tambaye ka game da shi ranar gobe ba.